Corsodyl ga mai zubar jinin dasashi: yana aiki, amma ba ya ɓamɓare dauɗar da ta daskare

Wanda ya shiga babban kantin magani ya ce yana tofar da jini duk lokacin da ya goge baki, sau da yawa kwalbar Corsodyl za a ɗauko masa. Ruwan kurkure baki ne da ake shigowa da shi daga waje. A da kamfanin GSK ne ke yin sa, yanzu kuma Haleon, tun da aka ware sashen kayan masarufi na kamfanin a 2022. Ya fi yawancin ruwan kurkure bakin da ke jere kusa da shi tsada, don haka mai saye yana da haƙƙin sanin ko kuɗinsa zai yi masa rana. Hukuncinmu a kansa shi ne: magani ne na gaske, ba turaren baki ba, kuma a cikin abubuwan da ake kurkure baki da su babu wanda ya kai sinadarin da ke cikinsa hana dauɗa taruwa a haƙori. Sai dai na ɗan lokaci ne, mako biyu zuwa wata guda, kuma akwai nau'in zubar jinin da ko an ƙarar da kwalba goma ba zai warke ba.

Kafin a auna maganin, sai an san ciwon. Lafiyayyen dasashi ba ya jini don buroshi ko asuwaki ya taɓa shi. Abin da ke sa shi jini a mafi yawan mutane shi ne wani farin danƙo mai laushi da ke taruwa a gindin haƙori, daidai inda haƙori ya haɗu da nama. Idan ka kankare gindin haƙorinka da farce da safe za ka gan shi. Mutane da yawa suna ɗauka ragowar tuwo ne, alhali kuwa tarin ƙwayoyin cuta ne da suka manne wa juna suka kafa gida. Jiki yana yaƙarsu ta hanyar turo jini mai yawa zuwa bakin dasashin, ƙananan jijiyoyi su buɗe, naman ya kumbura ya yi ja ya yi taushi. Daga nan ko gatsar rake ko goruba ta isa ta fasa shi.

An tabbatar da wannan tun 1965 a birnin Arhus na ƙasar Denmak. Wani masanin haƙori mai suna Harald Löe da abokan aikinsa suka sa mutum 12 masu lafiyayyen baki, akasarinsu ɗaliban likitancin haƙori, suka daina goge baki gaba ɗaya. Tsakanin kwana 10 zuwa 21 dukansu dasashinsu ya kumbura. Da suka koma goge baki yadda ya kamata, cikin kamar mako guda ya washe, ba tare da ƙwaya ko allura ba. Wannan gwajin ya kamata mai sayen Corsodyl ya riƙe a ransa, domin yana nuna cewa asalin maganin kumburin dasashi a matakin farko shi ne cire danƙon nan da hannu. Kuskuren da ya fi yawa kuwa shi ne mutum ya ga jini a wani gefe sai ya riƙa kauce wa gefen don tausayin naman. Danƙon ya ƙaru, kumburin ya ƙaru, jinin ya ƙaru.

To me ke cikin kwalbar? A jikinta an rubuta chlorhexidine digluconate 0.2%, mu kira shi kuloheksidin. Kamfanin ICI na Ingila ne ya samar da shi a farkon shekarun 1950, kuma an daɗe ana wanke hannu da fatar marar lafiya da shi kafin tiyata. Shigarsa baki ta samo asali ne daga wani gwajin da Löe ɗin nan ya yi tare da abokin aikinsa Schiött a 1970, inda suka nuna cewa kurkure baki da mililita 10 sau biyu a rana yana hana danƙon taruwa kusan gaba ɗaya, ko da mutum bai goge baki ba. Awon da ke kan takardar Corsodyl har yau shi ne wannan.

Abin da ya bambanta shi da ruwan gishiri ko ruwan kurkure baki mai ƙamshin na'ana'a shi ne mannewa. Sauran suna kashe abin da suka tarar su fita tare da tofi. Shi kuwa kuloheksidin yana liƙewa a jikin haƙori, da harshe, da cikin kumatu, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da aka kurkura yana zama a bakin, sannan ya riƙa sakin kansa a hankali cikin miyau har kusan awa 12. Dalilin sau biyu a rana ke nan. Wanda ya mai da shi sau huɗu don ya warke da wuri bai ƙara komai ba sai illa da saurin ƙarewar kwalba. Wannan mannewar ita ce ƙarfinsa, kuma ita ce tushen kusan duk aibinsa, kamar yadda za a gani a gaba.

Yadda ake amfani da shi yana da sauƙi a faɗa, amma a nan aka fi ɓata shi. A auna mililita 10 da murfin awon da ke tare da kwalbar. Idan babu, cokalin shayi biyu ne. Kada a sirka da ruwa. A zuba a baki a riƙa tura shi tsakanin haƙora da ƙarfin kumatu na minti ɗaya cur, a duba agogo, domin minti ɗaya da ruwa mai ɗaci a baki ya fi tsawo fiye da yadda mutum ke zato, kuma yawanci a daƙiƙa 20 ake tofarwa. Sai a tofar, kada a haɗiye. Bayan nan kada a ɗauraye baki da ruwa, kada a ci ko a sha komai na rabin awa. Wanda ya ji ɗaci ya bi da ruwa nan take ya wanke wani ɓangare na abin da ya biya kuɗi don ya manne.

Sai batun makilin, wanda mai kanti ba kasafai yake faɗa ba. Yawancin man goge baki yana ɗauke da sinadarin da ke sa shi kumfa, wanda ake rubutawa sodium lauryl sulfate a jerin kayan haɗinsa. Wannan sinadari da kuloheksidin ba sa ga-maciji: idan suka haɗu suna kama juna, ƙarfin maganin ya ragu. Takardar kamfanin ta ce a ɗauraye baki sosai da ruwa bayan gogewa, a jira minti biyar. Likitocin haƙori da yawa sun fi son a ba da tazarar rabin awa, kuma mu ma nan muka karkata, saboda wani dalili na daban: ɗauraye baki nan take bayan gogewa yana wanke fulorayid ɗin makilin, wanda shi ke kare haƙori daga ruɓewa. Tsarin da ya fi dacewa da rayuwar mutanenmu shi ne a raba su. A goge baki da asuba, a kurkura Corsodyl bayan karin kumallo. Da dare a goge baki bayan tuwo, a kurkura lokacin kwanciya. A watan azumi kuma a yi ɗaya bayan sahur kafin ketowar alfijir, ɗaya kafin barci.

Kwalba mai mililita 300, a kan mililita 20 a rana, kwana 15 take yi. Takardar kamfanin ta ba da shawarar kamar wata guda ga kumburin dasashi, wato kwalba biyu. A aikace, idan kumburi ne na danƙo kawai kuma mutum ya gyara gugarsa, kwalba ɗaya ta isa: jinin yakan ragu a makon farko, ya ɗauke ko ya kusa ɗaukewa a na biyu. Idan kwalba ta ƙare jini na nan yadda yake, kada a sayi ta biyu. Wannan alama ce cewa akwai abin da ruwan bai isa gare shi ba.

Yanzu aibobinsa, kuma ba ƙanana ba ne. Na farko shi ne rini. Yana sa haƙora su yi ruwan ƙasa, musamman a tsakaninsu da gindinsu, da kan cikon da aka yi da farin siminti, da haƙoran roba. Bayan harshe ma yakan yi duhu har mutum ya tsorata. Ba maganin da kansa ke da launin ba. Abin da ke faruwa shi ne, tunda ya manne a haƙori, sai ya riƙa kamo launin duk abin da ya ratsa bakin. Shayi da kofi su ne kan gaba, kuma mai cin goro ko shan taba ya sa ran nasa rinin zai fi na kowa. Wanda ba ya iya wuni ba tare da ya zauna teburin mai shayi ba, ya yi ƙoƙari ya bar aƙalla awa guda tsakanin kurkurawa da shayin, ko ya rage a kwanakin. Haka kuma kada a haɗa shi da kurkure baki da jiƙon bagaruwa, wanda wasu ke yi don ɗaure dasashi, domin bagaruwa cike take da irin sinadarin da ke cikin shayi mai kawo rinin. Duhun harshe yana tafiya da kansa idan an daina. Na haƙori kuwa, mai sauƙi buroshi na rage shi, mai kauri sai an goge da inji a asibiti. Ba ya shiga cikin haƙorin, a sama yake, amma kuɗin gogewar ƙari ne a kan kuɗin kwalba, kuma ya kamata a faɗa wa mai saye tun a kanti.

Na biyu, ɗanɗano. Yana da ɗaci, kuma bayan an tofar harshe yakan daina jin gishiri sosai na wasu awanni, miya ta zama lami. Saboda haka bayan abinci ake kurkurawa, ba kafinsa ba. Wasu suna jin raɗaɗi a harshe a kwanakin farko, yakan lafa. Wasu kuma fatar cikin kumatunsu ke saɓulewa fari-fari. A nan ne kaɗai aka yarda a sirka, mililita 5 na magani da 5 na ruwa, a haɗa a lokacin da za a yi amfani da shi. Idan bai daina ba a ajiye shi. Jifa-jifa ana samun wanda gefen fuskarsa ke kumbura a gaban kunne, inda ƙullin miyau yake, shi ma ya daina. Mafi hatsari, ko da yake ba kasafai ba, shi ne wanda jikinsa bai karɓi sinadarin ba sam: ƙaiƙayi da ƙuraje, kumburin leɓe ko harshe, numfashi da ƙyar. Wannan ba na jira ba ne, asibiti za a nufa nan take. Duk wanda ya taɓa samun irin haka bayan an shafa masa maganin wanke ciwo, kada ya kusanci wannan kwalba.

Wani ƙaramin abu da ke ɓata rai: idan ya ɗiga a farar riga aka wanke ta da bilic irin su Hypo ko Jik, tabo mai ruwan ƙasa yake bari. A ɗauraye wurin da ruwa tukuna.

Akwai wani nazari da ya kamata a sani don kada a ɗora wa maganin abin da ya fi ƙarfinsa. A 2017 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta tattara bincike 51 da aka yi a kan mutum sama da 5,000 da suka haɗa kuloheksidin da goge baki. Ta samu cewa danƙon haƙori yana raguwa sosai, amma a wurin masu ɗan kumburi kaɗan, ƙarin sauƙin da dasashi ya samu bai taka kara ya karya ba, sannan rini tabbas ne ga wanda ya kai mako huɗu ko fiye. Ma'anar wannan a wurin mai saye ita ce: idan jininka ɗan kaɗan ne kuma kana iya goge baki ba tare da zafi ba, buroshi mai laushi da zaren sakace sun fi Corsodyl cancantar kuɗinka. Inda yake haskawa shi ne inda buroshi ba ya iya shiga: bayan an cire haƙori ko an yi aiki a dasashi, lokacin da nama ya yi tsami har ba ya taɓuwa, mai ƙarfen gyaran haƙora da dasashinsa ya kumbura, wanda aka ɗaure masa muƙamuƙi bayan karaya, da marar lafiyar da ke kwance ba ya iya riƙe buroshi. A irin waɗannan wurare babu madadinsa. Bayan cire haƙori dai sai an bar kwana guda kafin a fara kurkure baki da komai, kuma a hankali, don kada gudan jinin da ya toshe ramin ya fita.

Babban iyakarsa shi ne dauɗar da ta daskare. Danƙon da aka bari kwana da kwanaki yana shan ma'adinan da ke cikin miyau ya zama kamar tsakuwa, rawaya ko baƙi-baƙi, ya kama haƙori kam. Ka ɗauki madubi ka duba bayan haƙoran gaba na ƙasa, ta wajen harshe, da gefen turamen sama ta wajen kumatu. A nan ya fi taruwa, domin a nan hanyoyin miyau suke buɗewa. Fuskarsa kaushi gare ta, sabon danƙo na samun wurin maƙalewa, kuma yana zaune a kan dasashi dare da rana. Babu ruwan kurkure baki, babu makilin, babu gawayi ko toka ko gishiri da ke narkar da shi. Gawayi da toka ma kankare haƙori suke yi su ja dasashi baya. Kuloheksidin kuwa, idan aka daɗe a kansa, yana iya ƙara taruwar wannan tsakuwar a saman dasashi.

Daga nan ciwon ke gangarawa ƙasa. A lafiyayyen baki, ɗan ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. Idan kumburi ya daɗe, naman ya saki haƙorin, ramin ya zurfafa ya zama aljihu mai milimita 4, 5, 6 ko fiye, ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori ya fara zaizayewa. Ruwan da aka kurkura ba ya isa gindin wannan aljihu. Sai ya gyara saman, jan ya ragu, jinin ya ɗauke, warin baki ya lafa, mutum ya ɗauka ya warke, alhali an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Wannan ne abin da ya fi damunmu game da sayar da shi ba tare da an duba baki ba. Ciwon ba ya zafi, jini ne kaɗai ƙararrawarsa, kuma ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa. Alamomin cewa an kai wannan mataki su ne haƙori ya fara girgiɗi, ko ya yi kamar ya ƙara tsawo, ko giɓi ya buɗe inda da babu, ko mugunya ta fito idan an danna dasashi, ko warin da ba ya jin guga.

Maganin wannan shi ne wankin haƙori a asibiti. Ana amfani da wani inji mai siririn baki da ke karkarwa da sauri yana fesa ruwa, ya farfasa tsakuwar ta zube, sannan a bi da ƙananan ƙarafa na hannu, a ƙarasa da goge haƙoran su yi santsi. Yawanci rabin awa ne zuwa minti 45. Idan akwai aljihu mai zurfi sai an kashe wurin da allura an shiga ƙarƙashin nama, wani lokaci a zama biyu ko fiye. Ana yin sa a sashen haƙori na asibitocin koyarwa irin su na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da manyan asibitocin jihohi, da asibitocin haƙori masu zaman kansu. Akwai maganar da ke yawo cewa wankin yana buɗe giɓi yana sa haƙori girgiɗi. Giɓin dama yana nan, tsakuwa ce ta cike shi bayan ta cinye naman wurin, kuma ita ce ta riƙe haƙoran da ƙashinsu ya riga ya tafi kamar yadda busasshen laka ke riƙe dangar da gara ta ci. Zugin ruwan sanyi na 'yan kwanaki bayan wankin gaskiya ne, yakan wuce. A makon da ke biye da wankin ne Corsodyl ke biyan kuɗinsa da kyau, domin an kawar da abin da ke tare masa hanya, kuma nama yana tsami ba ya son buroshi.

Gugar da za ta riƙe nasarar bayan kwalba ta ƙare ba ta da wuya. Buroshi mai laushi mai ƙaramin kai, a karkata gashinsa ya fuskanci gindin haƙori, rabi a kan haƙori rabi a kan nama, a riƙa ɗan jujjuya shi a hankali haƙori biyu-biyu, ciki da waje, minti biyu, sau biyu a rana, na dare ya fi muhimmanci. Buroshi mai tauri da ake dirzawa hagu da dama kamar ana wankin tukunya yana yanke dasashi ne. Idan gashin ya baje kafin wata uku, hannunka ya yi nauyi. A tofar da kumfa kada a ɗauraye. Tsakanin haƙora, inda kumburi ya fi farawa, sai zaren sakace ko ɗan buroshin tsakani sau ɗaya a rana. Tsinken tsintsiya da ashana da allura suna huda nama. Zaren zai fito da jini a kwanakin farko, a ci gaba, zai daina. Asuwaki kuwa yana cire danƙo sosai a hannun wanda ya iya shi, in an tauna bakinsa ya yi laushi kuma ana yanke tsohon a kai a kai. Rauninsa shi ne bayan haƙora da turamen ƙarshe, inda miƙaƙƙen ice ba ya lanƙwasa ya kai.

Akwai kuma jinin da tushensa ba a baki yake ba, ko kuma wani abu a jiki ne ke rura shi. Mai juna biyu dasashinta yakan kumbura tun daga wata na biyu ko na uku, ya tsananta wajen na takwas, saboda canjin sinadaran jiki yana sa nama ya fi jin haushin danƙo. Ba a san kuloheksidin da cutar da ciki ba, amma ta faɗa a wurin awo, kuma wankin haƙori ba ya taɓa ciki, ya fi daɗin yi tsakanin wata na huɗu da na shida. Mai ciwon suga da ba a daidaita ba, dasashinsa ba zai zauna lafiya ba, kuma ciwon dasashin ma yana wahalar da saukar sugan. Magungunan hawan jini irin su amlodifin da nifedifin, da fenitoyin na farfaɗiya, suna sa dasashin wasu ya yi kauri ya hau kan haƙori. Asfirin da warfarin da sauran masu tsinka jini suna sa ɗan kumburi ya zubar da jini mai yawa. Kada kowa ya daina ɗayansu da kansa, likitan da ya rubuta shi ne zai canza. Ƙarancin bitamin C yana sa dasashi ya yi taushi ya yi jini, kuma maganinsa lemo ne da gwaba da tumatir da ɗanyen ganye, ba kwalba ba. Mai shan taba kuma nasa akasin haka ne: taba tana matse jijiyoyi, jini ba ya fitowa ko da ciwon ya yi nisa, sai ya daina sha ya ga jini ya ɗauka dainawar ce ta jawo.

Idan dasashi na jini da kansa ba a taɓa shi ba, ana tashi da jini a matashin kai, ko ga haɓo, ga tabon taruwar jini a fata ba tare da buguwa ba, ga kasala da ɗashewa, wannan gwajin jini yake nema a ranar, domin ƙarancin ƙwayoyin da ke daskarar da jini da sankarar jini suna iya fara bayyana a dasashi. Jinin dasashi tare da zazzaɓi mai zafi da ya ƙi jin maganin maleriya, musamman da rani lokacin da zazzaɓin Lassa ke yawo, shi ma na asibiti ne cikin gaggawa.

Wajen saye, a karanta kwalba da kyau, domin sunan Corsodyl yana kan kaya iri-iri. Wanda muke magana a kai shi ne mai 0.2%. Corsodyl Daily yana da 0.06% ne kawai tare da fulorayid, an yi shi don amfanin yau da kullum, ba zai yi aikin wancan ba. Akwai na shafawa mai kauri mai 1%, wanda ya dace idan wuri ɗaya ne ke ciwo. Man goge bakin da ke ɗauke da sunan, da ɗan'uwansa Parodontax, wani abu ne daban, ba madadin ruwan ba ne. A cikin masu 0.2% ɗin ma akwai mai ɗauke da alkohol da wanda aka rubuta Alcohol Free a gabansa. Aikinsu ɗaya, marar alkohol ɗin ya fi sauƙi a baki mai ciwo ko mai bushewa, kuma shi zai fi kwanta wa da yawa daga cikinmu a rai. A duba lambar NAFDAC, da ranar lalacewa, da hatimin murfi. Kamfanin ya ce a ajiye shi a ƙasa da digiri 25, don haka kwalbar da ta sha rana a tagar kanti a zafin Afrilu ba abin saye ba ce. Kuma sinadarin ake biya, ba sunan ba: duk ruwan kurkure baki mai rajista da ke da kuloheksidin 0.2% aikinsu ɗaya, idan mai 0.12% ne sai a auna mililita 15. Sai dai a kula da hexetidine, wanda ke cikin Oraldene. Sunan ya yi kama, amma wani magani ne daban kuma ba ya daɗewa a baki kamar wannan. Kada kuma wani ya ga kalmar chlorhexidine a jikin Savlon, ko sabulun wanke hannu na asibiti, ko man da ake shafa wa cibiyar jarirai, ya ce zai sirka ya kurkura. Ƙarfinsu da haɗinsu ba na baki ba ne.

Yara 'yan ƙasa da shekara 12 ba a ba su shi sai da umarnin likita, domin suna haɗiyewa. Amma a ƙasarmu jinin dasashin ƙaramin yaro yana da wata fuska da ba za a tsallake ba. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 da ke fama da tamowa, ko bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓi ba, idan dasashinsa ya fara jini, ƙananan tsinin naman da ke tsakanin haƙora suka ci suka yi toka-toka, bakinsa na wari mai tsanani, yana dalalar da miyau yana ƙin abinci, wannan na iya zama farkon cutar da likitoci ke kira noma, mai cinye kumatu da leɓe cikin 'yan kwanaki. Saboda ita aka kafa asibitin yara na musamman a Sakkwato a 1999, kuma a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. A wannan matakin farko tana jin magani: ma'aikacin lafiya zai ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta gwargwadon nauyin yaron, a riƙa goge masa baki da tsumma mai tsabta da aka tsoma a ruwan ɗumi mai ɗan gishiri ko a kuloheksidin, a ƙarfafa masa abinci. Uwa ko kaka da ta ga haka ta ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa a ranar, kafin kumatu ya kumbura.